Wa Zai Bi Diddigin Labari a Damagaram?

A farkon watan Satumba na 2024, bayan an kwana biyu ana tafka ruwan sama, tsohon masallacin Birni ya rushe. Ginin ƙasa ne tun na tsakiyar ƙarni na 19, kuma da wuya a sami ɗan Damagaram da bai taɓa wucewa ta gabansa ba. Ban ji labarin a rediyo ba, ban kuma karanta shi a jarida ba. Ƙanena ne ya shigo zaure da waya a hannu, ya ce, "Yaya, ka ga abin da ya faru a Birni?" Na karɓa na duba, sai ga gini yana zubewa, ƙura ta turnuƙe, mutane suna ta salati. Kafin dare ya yi, 'yan'uwanmu da ke neman abinci a Kano da Agadas da Libiya duk sun gani, har suna bugo waya suna jajanta mana.

Washegari wasu tambayoyi suka tsaya mini a rai. Yaushe aka yi wa masallacin yaɓe na ƙarshe? Alhakin kula da shi a wuyan wa yake? An taɓa ware kuɗi domin gyaransa, in kuwa an ware, an yi aikin? Akwai maginin da ya ga tsaga ya yi gargaɗi? Gidaje nawa ne a Birni masu irin wannan gini da ke jiran damina mai zuwa? A cikin saƙonnin da suka cika mini waya a wannan mako babu wanda ya taɓo ko ɗaya daga cikinsu, kuma ban ga laifin masu turowa ba, domin tambayoyi ne da ba a iya ɗaukar hotonsu. Amsarsu tana cikin takardun ofis, da bakin mutanen da sai an je an gaishe su sau uku ko huɗu kafin su saki jiki su yi magana.

Neman irin wannan amsa shi ne abin da 'yan jarida ke kira binciken ƙwaƙwaf, kuma shi ne yake ja da baya a daidai lokacin da ɗaukar hoto da yaɗa shi ya zama abin da kowane mai waya zai iya. Ana yawan faɗin abin kamar gado ne aka raba, wai jarida ta mutu, jama'a sun karɓi aikinta. A ganina ɓangare ɗaya ne na aikin ya koma hannun jama'a, wato shaida: na gani da idona, ga shi ku ma ku gani. Mai bincike kuwa yana farawa ne daga abin da wani yake so ya zauna a rufe. Yana neman takardar kwangila, ya gwada ta da kasafin kuɗi, ya je wurin da aka ce an yi aikin ya ƙirga abin da ke ƙasa, ya nemi mutum na biyu da na uku waɗanda ba su san juna ba su tabbatar masa, sannan ya je wurin wanda ake zargi ya ba shi damar kare kansa kafin a buga. Yana iya share wata uku a kan labari ɗaya, daga ƙarshe ya gano zargin ba shi da tushe, ya ajiye shi ba tare da ya rubuta layi ko ɗaya ba. A duk tsawon wannan lokaci dole wani ya biya shi albashi, ya sa masa mai a babur, ya ɗaukar masa lauya idan an kai ƙara. Kafin a zo ga maganar jarumtar ɗan jarida, akwai maganar wanda zai ɗauki wannan nauyi.

A ƙasashen da jarida ta yi ƙarfi, talla ce ta daɗe tana ɗaukarsa. Mai sayar da mota da mai neman ma'aikaci da mai gidan haya duk sai sun biya jarida kafin maganarsu ta kai ga jama'a, kuma daga rarar wannan kuɗi ne jarida kamar Washington Post ta iya barin ma'aikatanta suna bin badaƙalar Watergate ta leƙen asirin 'yan adawa a Amurka tun daga 1972 har shugaba Nixon ya sauka a 1974. Da intanet ta zo, ƙananan tallace-tallace suka koma shafukan da ke ɗaukar su kyauta, manya kuma suka koma Google da Facebook, waɗanda suka san abin da mai karatu yake so fiye da yadda jarida ta sani. Alƙaluman cibiyar bincike ta Pew sun nuna kuɗin tallar jaridun Amurka, da ya kai kimanin dalar Amurka miliyar 49 a 2006, ya faɗo ƙasa da miliyar 10 a 2022, ma'aikatan ɗakunan labaransu kuma sun ragu daga wajen 71,000 a 2008 zuwa 31,000 a 2020. Idan aka zo rage ma'aikata, wanda ke kawo labari ɗaya a wata uku yana cikin waɗanda ake fara kallo.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga wani salon. Jaridar NEXT ta Legas, wadda Dele Olojede ya kafa, ta yi suna wajen tono asirin manya, musamman a harkar man fetur, amma masu talla suka yi ta janye jiki daga gare ta har ta daina fitowa a 2011. Wasu daga cikin ma'aikatanta suka kafa Premium Times a intanet suka ci gaba da aikin. Haka kuma a intanet ne Jaafar Jaafar na Daily Nigerian ya saki bidiyon nan na 2018 da aka zargi gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Ganduje, da karɓar daloli, zargin da gwamnan ya musanta. Wannan ya nuna takarda da tawada ba su ne ran aikin ba. Ana iya yin sa a allon waya, muddin akwai ƙwararre da kuma gidan da zai tsaya a bayansa.

Tarihin Nijar ya bambanta, domin a nan ba a taɓa samun waccan rara ta talla ba. Har zuwa ƙarshen shekarun 1980 jaridun gwamnati ne ke da fage, Le Sahel da 'yar'uwarta Sahel Dimanche. A 1990 Ibrahim Cheick Diop ya fito da Haské, a 1991 kuma, shekarar babban taron ƙasa, Maman Abou ya kafa Le Républicain. Mafi yawan jaridun da suka biyo baya na mako-mako ne, masu 'yan shafuka kaɗan, kuma a da yawansu ra'ayin mai jarida da na ubangidansa na siyasa sun fi labari yawa. Wannan gaskiya ce da bai kamata kewar zamanin da ya wuce ta sa mu rufe ta ba. Duk da haka an yi bincike na haƙiƙa a cikinsu. A 2006 Le Républicain ta bi diddigin kuɗin da ƙasashe masu ba da tallafi suka zuba domin ilimin firamare, abin da aka sani da badaƙalar MEBA, wato taƙaitaccen sunan ma'aikatar ilimin firamare. An tsare tsofaffin ministocin ilimi biyu, kuma ƙurar ba ta lafa ba har majalisar dokoki ta kayar da gwamnatin firaminista Hama Amadou da ƙuri'ar yanke ƙauna ranar 31 ga Mayu, 2007. A tsakanin nan an yanke wa Maman Abou da abokin aikinsa Oumarou Keita hukuncin ɗaurin wata 18 a kan wani rubutu dabam da ya shafi hulɗa da Iran, ko da yake sun fito bayan 'yan watanni. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne Maman Abou yana da maɗaba'a tasa ta kansa, wadda ke samun kuɗi daga sauran ayyukan ɗab'i, saboda haka jaridarsa ba ta jiran yardar kowa kafin injin ya juya.

An ga irin wannan daga baya. A watan Fabrairu na 2017 jaridar Le Courrier ta fito da takardun da suka nuna an tura kimanin sefa miliyar 200 daga asusun kamfanin ma'adinai na ƙasa zuwa Dubai a wani cinikin uraniyum na 2011, hukumomin lokacin kuma suka musanta an yi ba daidai ba. A 2020 binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya nuna ƙasa ta yi asarar wajen sefa miliyar 76 a kwangilolin sayen kayan yaƙi, Moussa Aksar na jaridar L'Événement ya bi sawun wani ɓangare na kuɗin tare da haɗakar 'yan jarida masu bincike ta duniya, aka kai shi ƙara, kotu ta ci shi tara a 2021. Mutanen da suka yi waɗannan ayyuka ba su da yawa, ana iya ƙirga su da yatsu, kuma Maman Abou ya rasu tun 2020.

Duk wannan a Yamai aka yi shi, da Faransanci, tsakaninmu da can kuma akwai tafiyar kusan kilomita 900. Ina tuna lokacin da muke ɗalibai, jarida tana zuwa ne a bas ɗin Yamai, a ɗaure da igiya tare da saƙonnin mutane, kwana ɗaya ko biyu bayan fitowarta. Kwafi ɗaya zai zagaya fada gaba ɗaya. Wanda ya yi lakkwal ya karanta, ya juya wa sauran da Hausa ana shan shayi, a yi gardama a kan abin da wata kalma take nufi, har takardar ta yi laushi ta yage a wurin ninki. A ƙasar da kimanin kashi ɗaya cikin uku na manya ne ke iya karatun boko, kuma a garin da dubban almajirai da malamai suka fi sabawa da baƙin Larabci da ajami, jaridar Faransanci ba ta taɓa zama abincin kowa ba. Ko a cikin shafukanta, Damagaram takan fito ne idan minista ya zo buɗe taro, ko an yi tarzoma, ko yunwa ta yi tsanani. Garin da ya riƙe matsayin babban birnin ƙasa har zuwa 1926 ya saba da jin labarin kansa daga nesa, in ma an ba da shi. Agadas ta nuna jaridar jiha tana yiwuwa, domin Ibrahim Manzo Diallo ya kafa Aïr Info a can ya kuma riƙe ta duk da tsarewar da aka yi masa a 2007, amma irin wannan tsayuwa ba ta yawaita ba. Don haka idan ɗan Damagaram ya ce jaridar bincike ta ja da baya, ya sani yana maganar abin da tun farko aro muke yi.

Dalilin raunin kuwa ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa zama da 'yan jarida. Kuɗin sayar da kwafi bai isa ya biya takarda ba, 'yan kasuwarmu ba su saba biyan talla ba, saboda haka abin da ya rage shi ne sanarwar gwamnati, da tallar neman 'yan kwangila, da ta ƙungiyoyin agaji da kamfanonin waya, da ɗan tallafin da hukuma ke raba wa kafofin labarai in an samu. Waɗannan kuwa su ne ainihin wuraren da ya kamata a bincika. Na sha halartar tarurrukan bita inda a ƙarshe ake kiran 'yan jarida gefe, su sa hannu a takarda, a miƙa wa kowa ambulan da jaka biyar ko goma a ciki, a ce kuɗin mai ne. Ba na raina mai karɓa, domin na san wasunsu ba su da albashi tsayayye, wasu ma wannan ambulan ita ce cefanen gidansu na ranar. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya saba fita labari sai inda aka gayyace shi aka kuma biya shi, sannu a hankali zai manta hanyar wurin da ba a gayyace shi ba.

A cikin wannan giɓi ne waya ta shigo, kuma ya kamata a faɗi alherinta ba tare da ƙyashi ba. Saƙon murya na WhatsApp ya yi wa Bahaushe abin da jaridar Faransanci ba ta yi masa ba a shekara talatin: ba ya bukatar karatu, ba ya bukatar tafinta, ba ya jiran bas. Manomi a ƙauyen Magarya zai faɗi farashin tiyar hatsi a kasuwar ranar, ɗan'uwansa a Zango ya ji kafin la'asar. Mai kabu-kabu zai ɗauki hoton gadar da ruwa ya cinye a hanya, ya gargaɗi direbobi. Ana cigiyar yaron da ya ɓata, ana neman mai ba da jini ga mai haihuwa, ana nuna ajin da yara ke zaune a ƙasa cikin rumfar zana. Matar da ba za ta taɓa shiga ofishin jarida ba tana iya faɗin kukanta daga tsakar gida. Ma'aikaci kuma ya san duk wanda ke tsaye a gabansa yana iya ɗaukarsa, wannan kaɗai ya gyara wa wasu zama. Duniya ta ga ƙarfin abin a watan Mayu na 2020, lokacin da bayanin farko na 'yan sandan birnin Minneapolis na Amurka ya nuna kamar rashin lafiya ce ta kashe George Floyd, sai bidiyon wata yarinya 'yar shekara 17 ya nuna gwiwar ɗan sanda a wuyansa. Gani ya kori ji, kuma babu editan da ya isa ya hana.

Sai dai gani ma yana da iyaka. Wata rana saƙon murya ya shigo rukuninmu na dangi, wani mutum yana magana cikin gaggawa cewa masu satar yara sun shigo gari da farar mota, kowa ya tsare 'ya'yansa. Babu sunan unguwa, babu rana, babu sunan mai maganar. Wani ɗanmu ya kunna wa kawunmu, dattijon da ya yi shekaru yana karantar da ɗalibai a zaure. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, wa ya faɗa?" Yaron ya ce, "Kawu, an turo ne." Ya ce, "Shi wanda ya turo, daga wa ya ji?" Yaron ya yi shiru. Wannan tambaya ta kawu ita ce ta malaman hadisi, waɗanda ba sa karɓar magana sai sun san isnadinta, wane daga wane, kuma kowane a cikinsu an san gaskiyarsa da ƙarfin haddarsa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ma umarni ce da a bincika labari kafin a cutar da mutane cikin rashin sani. Muna da wannan tarbiyya tun kafin zuwan jarida, amma saƙon da ake turawa daga waya zuwa waya yana yanke isnadi tun daga mataki na farko. Wancan saƙo na farar mota, daga baya na sake jin sa, da muryar nan dai, a wata shekara dabam.

Irin wannan ba wasa ba ne. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zagaya Najeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, mutane suka mutu, wasu aka kwantar da su a asibiti. Shafukan sada zumunta an gina su ne yadda abin da ya tayar da hankali zai fi saurin tafiya, rukunonin WhatsApp kuma a rufe suke, don haka gyara ba ya bin hanyar da ƙarya ta bi. Kamfanin da kansa ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci ɗaya tun 2019, abin bai tsaya ba. Ambulan ɗin nan ma ba ta ɓace ba, ta canza kama ce: ɗan siyasa ko ɗan kasuwa yana iya riƙe matasa da kuɗin kati su yabe shi su zagi abokin hamayyarsa, mai karatu kuma ba shi da hanyar sanin wanda ya biya. A jarida ko ba komai akwai sunan mai ita a shafin ƙarshe, akwai ofishin da za a je a nemi a gyara.

Akwai kuma maganar doka, wadda nake ganin matasanmu masu rubutu a Facebook ba su ba ta muhimmancin da ya kamata ba. A watan Yuni na 2010, zamanin riƙon ƙwarya na Salou Djibo, aka soke ɗaurin kurkuku a kan laifuffukan aikin jarida, a ranar 30 ga Nuwamba, 2011 kuma shugaba Mahamadou Issoufou ya sa hannu a kan sanarwar Table Mountain, mai kiran ƙasashen Afirka su soke dokokin hukunta 'yan jarida a kan ɓata suna da zagi, ranar da ta zama ta 'yancin 'yan jarida a ƙasa. Amma dokar laifuffukan intanet ta 2019 ta buɗe wata ƙofar. A ƙarƙashinta aka tsare 'yar jarida Samira Sabou a watan Yuni na 2020 a kan abin da ya fito a shafinta na Facebook game da badaƙalar ma'aikatar tsaro, ta yi kwana 48 kafin kotu ta sallame ta. A 2022 aka cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi ta intanet, a watan Yuni na 2024 kuma hukumomin soja suka mayar da shi, har da ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5 ga wanda ya yaɗa abin da aka ɗauka zai dagula zaman lafiyar jama'a. Samira Sabou sananniya ce, ƙungiyoyin ciki da waje sun yi magana a kanta. Yaron unguwa da ya tura abin da bai tabbatar ba, ko ma wanda ya tabbatar, shi kaɗai zai tsaya a gaban alƙali, iyayensa ne za su yi ta zarya da kwanon abinci. Sannan hanyar da kanta ba a hannunsa take ba: bayan zagaye na biyu na zaɓen 2021, wanda ɗan garin nan Mahamane Ousmane ya tsaya a cikinsa, an katse intanet ta waya na kimanin kwana goma, duk masu ba da labari da waya suka yi tsit lokaci ɗaya.

Misalin da ya fi nuna mini yadda ayyukan biyu ke bukatar juna daga Kamaru ya zo. A tsakiyar 2018 wani bidiyo ya bazu, ana ganin mutane cikin kakin soja sun harbe mata biyu da ƙananan yara biyu. Gwamnati ta ce labarin ƙarya ne, wasu suka ce a Mali aka ɗauka. Bidiyon shi kaɗai bai iya kare kansa ba. Masu bincike na BBC da abokan aikinsu suka zauna suka gwada siffar duwatsun da ke bayan hoton da taswirar tauraron ɗan'adam har suka gano wurin, kusa da ƙauyen Zelevet a arewa mai nisa, suka auna inuwar mutanen suka gano lokacin shekara, suka duba irin bindigogi da kakin. A 2020 kotun soja ta yanke wa sojoji huɗu ɗaurin shekara 10. Da babu wanda ya ɗauki hoton da ba a san an yi kisan ba, da babu masu binciken kuma da an binne shi a cikin musu.

A Damagaram, wurin da nake ganin za a iya haɗa waɗannan biyu shi ne rediyo. Ita ce jaridarmu ta haƙiƙa tun da daɗewa: da Hausa take magana, tana shiga gidan da babu wuta, ana jin ta a shagon tela da rumfar mahauci a Kasuwar Dole. Tashoshi irin su Anfani da Shukura da Alternative da gidan rediyon gwamnati suna da masu sauraro da suka san muryoyin ma'aikatansu, Studio Kalangou kuma tun 2016 yake shirya labarai da harsunan ƙasa ana watsawa ta tashoshin abokan hulɗa. Nauyin da ke kan tashoshin gida ya ƙaru tun da aka dakatar da gidan rediyon Faransa RFI a 2023, aka kuma dakatar da BBC na wata uku a ƙarshen 2024. Yanzu da kundin sake gina ƙasa na 2025, wanda ya maye gurbin kundin tsarin mulki, ya ɗaukaka matsayin Hausa, ba ni ganin dalilin da zai sa bincike mai zurfi ya ci gaba da zama abin da sai da Faransanci ake yin sa. Matsalar dai ita ce yawancin lokacin tashoshin yana tafiya ne a sanarwar biki da rasuwa, da filin da aka saya, da shirin kiran waya inda kowa ke faɗin albarkacin bakinsa a tashi ba a tabbatar da komai ba.

A ɗauki maganar ruwa, wadda babu gidan da ba ta taɓa ba. Garin yana zaune ne a kan dutse, shi ya sa ake jawo ruwansa daga nesa, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram. Kowane rani hotuna iri ɗaya ne ke cika wayoyinmu: jerin jarkoki masu ruwan ɗorawa a bakin famfo tun kafin asuba, yara suna gyangyaɗi a kansu, 'yan garuwa suna tura kura, farashi yana hawa. An ga wannan har ido ya saba. Abin da hoton ba ya faɗa shi ne ruwa nawa rijiyoyin ke bayarwa a rana idan aka gwada da abin da aka yi alkawari ranar buɗe su, nawa ke zubewa a hanya, kwana nawa injuna ke tsayawa saboda rashin wuta, da wane ma'auni ake raba ruwan tsakanin unguwanni, da kuma yadda yawan jama'ar gari ya ƙaru tun lokacin da aka tsara aikin. Wani ɓangare na amsar yana hannun jama'a. Idan tasha ɗaya ta roƙi masu sauraronta a Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam da Kara-Kara su riƙa turo saƙon murya kowace safiya, su faɗi unguwa da rana da ko famfo ya kawo, a wata biyu za a sami lissafin da ke da isnadi, wanda ɗaliban Jami'ar André Salifou za su iya taimakawa wajen tsara shi. Sauran ɓangaren na ƙwararru ne: su nemi takardun aikin, su je rijiyoyin, su zauna da injiniyoyi, su kai wa masu alhaki lissafin su ji ta bakinsu kafin a watsa. Mai yiwuwa a tarar da sakaci, mai yiwuwa kuma a tarar cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya gaza ba mutum ba, kowanne aka samu ya cancanci a faɗe shi.

Kuɗin wannan aiki bai kamata ya fito daga aljihun wanda za a bincika ba, ko daga ɗan siyasar da ke neman abin jifa. Masu sauraro da ke tura kuɗi ta waya kullum, da 'yan kasuwar gari, da 'ya'yan Damagaram da ke zaune a waje, suna iya haɗa shi a asusun da za a riƙa karanta shigarsa da fitarsa a fili a tashar. Abin da ake bukata shi ne albashin mutum biyu na wata uku, da man babur zuwa rijiyoyin, da kuɗin kwafin takardu, da lauya ɗaya da ya yarda ya karanta rubutun kafin a kunna makirufo.